Garin da Ake Auna Arziki da Tsawon Igiya

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, ta zo. Amma mai jin ƙishirwa ya tashi ya sha ruwa tun yanzu, don wannan tatsuniyar busar da maƙogwaro take yi.

Wani gari ne can a bakin daji, ruwa ya yi musu kusa har ya zama abin raini. Mace kan ɗaura ƙwarya a bakin ɗankwalinta, ta zura a rijiya, ta jawo ta a cike. Kukoki manya-manya sun kewaye garin. Kowace damina Hadari yakan taso daga gabas da kayan ruwa niƙi-niƙi a kansa, ya zauna a kan kukokin nan ya huta, ya sauke kayansa, ya wuce.

A garin akwai wani mai tufkar igiya, sunansa Korau, da matarsa Hakama. Ba wanda ya kai shi iya tufka, ba kuma wanda ya kai shi talauci. To wa zai sayi igiya a inda ɗankwali ke jawo ruwa? Sai mai ɗaure akuya, shi ma sai tsohuwar ta tsinke. Da ɓawon kuka yake tufka, yadda ubansa ya koya masa: a ɓare gefe ɗaya a bar ɗayan, kada a koma wa itacen sai ya warke. A tsakar gidansa ma akwai kuka guda, amma ita Hakama ta ce ko da wasa kada wuƙarsa ta taɓa ta, don da ganyenta take miya.

Ran nan Korau na zaune a kasuwa ya zuba tagumi, sai ga Dila.

Dila ya ce, "Sannu da hutawa, Korau."

Korau ya ce, "Hutun dole ne, Malam Dila. Tun safe ko tayi ba a yi mini ba."

Dila ya ce, "Ba laifin igiyarka ba ne, ruwan garin nan ne ya cika kusa. Ka bar ni da shi. In kasuwa ta buɗe, kaza kawai za ka riƙa ba ni."

Korau ya yi dariya ya ce ya yarda. Bawan Allah, bai san abin da ya yarda da shi ba.

Sai Dila ya tafi wurin wani mai ɗan lambu ya ce masa, "Kai kuwa lambunka kamar tabarmar salla? Kira Dabgi ya ƙara wa rijiyarka zurfi, ka shuka albasa iya ganinka." Dabgi shi ne mahaƙin garin, in dai haƙa ce ba ya gajiya. Sai ya haƙa. Sai ruwa ya gudo daga rijiyoyin maƙwabta ya taru a mai zurfin. Da matar maƙwabci ta zura ɗankwalinta, ƙwarya ta dawo a bushe.

Sai maƙwabci ya kira Dabgi. Sai maƙwabcin maƙwabci shi ma ya kira Dabgi. Kowa ya haƙa sai ya wuce na kusa da shi, kowa ya haƙa kuma sai ya nemi igiya.

Kan ka ce kwabo kasuwa ta buɗe wa Korau. Ya yi tufka har tafinsa ya yi kanta, ya ɗauki masu taya shi, ya gina soro. Masu ɗinkin guga suka samu, masu jakai suka samu, har mai maganin ciwon baya ya yi sabuwar riga, don jan igiya ya karya wa mata ƙugu. Albasa kuwa tuli-tuli.

Dila ya naɗa kansa Sarkin Awo. Duk ranar kasuwa sai ya hau kan turmi ya yi shela, "Jama'a, igiyar bana ta fi ta bara tsawo! Gari ya ci gaba!" Sai a ɗau guɗa. Abin har ya kai idan saurayi ya je neman aure, tambayar farko ita ce, igiyar gidanku gaba nawa ce? Mai gajeriyar igiya ya zama abin dariya a dandali. Duk garin nan, da masu furfura da masu rawani, ba wanda ya tsaya ya tambaya me ya sa igiyar ke ƙara tsawo. Wallahi har yau abin yana ba ni haushi.

Ɓawo ya fara wuya. Korau ya manta da koyarwar ubansa, ya ɓare gefe da gefe, ya hau har rassa. Kukar da aka tsiraita sai ta bushe ta zube. Da kukoki suka ragu aka koma wa kalgo da sauran itatuwa, wanda ya bushe a sare a ƙona gawayi a kai kasuwa. Dila ya ce wannan ma ci gaba ne.

Da damina ta zo, Korau na bisa wata kuka da wuƙarsa, sai ga Hadari ya iso yana nishi, yana waƙa:

"Korau mai tufka, ina mazaunina?
Na ɗauko kaya, wuyana ya gaji."

Korau ya ce, "Ga saura nan da yawa, baƙo. Zauna mana."

Hadari ya zauna a takure, ya sauke rabin kayansa, ya tafi da rabi. Da ruwa ya yi kaɗan sai rijiyoyi suka ƙara nisa. Sai aka kira Dabgi, sai aka sayi igiya. Dila ya hau turmi ya ce ba a taɓa shekara mai albarka irin wannan ba.

Wata daminar ta kewayo, itatuwa sun zama ɗaya nan ɗaya can. Korau na bisa guda yana ɓara, sai ga Hadari:

"Korau mai tufka, ina mazaunina?
Na ɗauko kaya, wuyana ya gaji."

Korau ya duba gabas ya duba yamma, ya nuna masa 'yan tsirarun da suka rage. Hadari ya ɗosana a kan guda, ya yi ɗan yayyafin da ko ƙura bai kwantar ba, ya miƙe. Ya ce, "Korau, ba fushi nake ba. Kayana ne ba a sauke su a tsaye. In na dawo ban sami wurin zama ba, wucewa zan yi."

Korau ya tuna da Hakama, don a lokacin tana da ciki. Ya sauko bai ko ɗauki ɓawon da ya ɓare ba, ya nufi zauren mai gari, inda manyan kasuwa ke zaune.

Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, awon da muke yi a juye yake. Igiya ba arziki ba ce, nisan da ruwa ya yi mana ne muke aunawa muna guɗa. A da da ɗankwali ake ɗiba, lokacin ne muke da shi. Mu bar haƙa, mu bar ɓare itatuwan da suka rage. Daga yau a riƙa yabon mai gajeriyar igiya."

Sai Dabgi ya ce, "To ni in ci me? Ƙasa?"

Mai albasa ya ce, "Maganarka gaskiya ce, Korau. Amma in na bari maƙwabcina bai bari ba, ruwana zai koma rijiyarsa. Ya fara bari, ni ma in bari."

Maƙwabcin yana wurin, ya ce shi ma abin da ke bakinsa ke nan.

Sai Dila ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe, a tambaye shi. Itacen da ke tsaye, me ya taɓa kawowa kasuwa? Wa ya taɓa tayin inuwa? Abin da ba a saye ba a sayarwa, ta yaya zan auna shi?" Ya juyo ya dubi Korau. "Kai kuma da igiyar nan ka gina soro. Yau da ka ƙoshi ne za ka ce na bayanka su wanke hannu?"

Wannan maganar ta soki Korau, don ba ƙarya a cikinta. Mai gari ya shafa gemu ya ce magana ce babba, za a duba ta bayan an kwashe albasa. Aka kwashe albasa, aka shuka wata, ba a duba ba.

Korau ya rantse ya bar tufka. Ya bari ɗin, amma waɗanda ya koya wa suka ci gaba, suka ma fi shi sauri. Kafin bazara ta tsaya, duk faɗin ƙasar nan ba sauran itace mai rai sai kukar tsakar gidansa.

A cikin wannan zafin Hakama ta haifi 'ya mace. Ba a ma yi zancen wankan jego ba, ruwan sha ake nema. Korau ya zura guga, igiya ta ƙare a hannunsa guga bai taɓa ruwa ba. Ya ƙulla duk igiyar da ke gidan, har ta shanya, har ta akuya. Da ya jefa tsakuwa yana jin ƙarar ruwa can ƙasa, amma guga yana lilo a sama da shi. Ya bi gida-gida da ƙwarya, kowa ya nuna masa busasshiyar randa. Ya je neman Dila, aka ce ai tun da safe ya kora kajinsa ya yi yamma.

Ya dawo ya tarar leɓen Hakama ya tsattsage, nono ya ƙafe, jaririya tana buɗe baki kuka ba ya fita. Hakama ta ce, "Maigida, ko ɗan na jiƙa harshe ne."

Ya fito ya dubi gabas. Sama wayam, ko ɗigon gajimare babu. Ya zauna a gindin kukar ya jira, ya tashi ya leƙa ɗaki, ya dawo ya sake duban gabas. Ya sani sarai in ya taɓa kukar nan Hadari ba shi da wurin zama. Ya kuma sani in bai taɓa ta ba, mai jego da 'yarta ba za su ga Hadarin ba. Ku da kuke zaune nan kuna girgiza kai, ku faɗa mini abin da za ku yi.

Sai ya ɗauko wuƙa. Ya ce gefe ɗaya kawai, yadda Baba ya ce. Ya ɓare, ya tufka, ya ƙulla, ya zura. Bai kai ba.

Sai ya ɓare ɗaya gefen yana hawaye. Ya tufka, ya ƙulla, ya zura. Saura kaɗan.

Sai ya hau sama ya sassare rassan, ya sauko da su ya fige su tas. Ya tufka, ya ƙulla, ya zura. Sai ya ji guga ya yi nauyi. Ya ja, ya ja, har hannunsa ya fashe, ya fito da rabin guga na ruwa mai laka. Ya tace da bakin rigarsa ya kai wa Hakama. Ta shanye ba ta tambayi inda ya samo igiya ba, ta rungume 'yarta.

Korau ya fito tsakar gida. Kukar na tsaye fara fat, ba ɓawo ba reshe, kamar taɓarya. Yana cikin kallonta sai ya ji iska mai sanyi ta taɓa masa wuya. Ya waiga, ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Bai taɓa ganin Hadari da kaya irin na ranar ba.

"Korau mai tufka, ina mazaunina?
Na ɗauko kaya, wuyana ya gaji."

Korau ya durƙusa ya ce, "Baƙo, ga sorona, zauna a kai."

Hadari ya ce, "Ba na zama a kan soro."

"Ga rumfunan kasuwa. Ga igiyar da na ƙulla, duk na ba ka."

"Korau, ka san ba na zama sai a kan abu mai rai."

Korau ya ce, "Don Allah ka sauke ko a tsaye ne, sau ɗaya tak. Gobe zan dasa maka itatuwa, ni da duk garin."

Hadari ya dubi farar kukar ya daɗe. Ya ce, "Da ka jira ni kaɗan."

Korau ya ce, "Da na jira ka, da gawa biyu za ka tarar."

Hadari ya ce, "Na sani. Ba yau ka makara ba." Ya gyara kayansa a ka, ya fara tafiya.

Sai muryar Hakama ta fito daga ɗaki, da ɗan ƙarfinta da ya dawo, cike da murna. "Maigida! Ina jin ƙamshin ruwa! Fito da tukwane da randa, har da ƙoren tuwo. Ka ce masa ya zauna a kan kukarmu, ai ita tana nan!"

Korau ya shiga madafa ya kwaso tukwanen, ya jera su a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya yadda ta ce, inuwar Hadari tana janyewa daga kansu, har rana ta dawo ta haske cikinsu.

To kun ji. Garin da ya lissafa abin da ya sayar ya ƙi lissafa abin da ya cinye, yana tsiyacewa ne yana guɗa. Gyara kuma tun ana da zaɓi ake yin sa, kuma tare ake yi, don ranar da ƙishirwa ta shigo ɗaki ko mai hankalin cikinku wuƙa zai ɗauka. Dila kuwa an ce yana nan yana yawo, yana tambayar garin da ruwansu ke kusa. Gobe in an aike ku ɗiban ruwa, ku tambayi iyayenku tsawon igiyar da suka tarar.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta ƙare, ƙishirwar garin nan ce ba ta ƙare ba.