Riɗin Aljani Dubu Goma da Bakwai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso don muryata ta gaji.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce ana ce mata Tabawa. Ran nan ta je itace, ƙishi ya kama ta, ta sha ruwa a wata rijiya. Ashe rijiyar aljani ce, shi kuwa marowaci ne na ƙin ƙarawa. Bai dake ta ba, bai zage ta ba. Barcinta ya zare daga idonta, ya zuba a gora ya toshe.

Ya kai ta gaban tarin riɗin da ya gada, ƙwaya dubu goma da bakwai. Ya ce, "Ki kasa shi daidai wa daida, kada ƙwaya ta yi saura. Ba ci, ba zubarwa. Ran da kika gama, ran nan za ki runtsa."

Tabawa ta zauna. Ta kasa biyu, ɗaya nan, ɗaya can, ɗaya nan, ɗaya can, har bayanta ya ƙage. Ƙwaya ɗaya ta rage. Ta ce ashe mara ce, ba cika ba.

Ta tattara, ta kasa uku. Biyu suka rage.

Ta tattara, ta kasa bakwai. Huɗu suka rage, suna kallonta tana kallonsu.

Wayyo Tabawa. Ido ya yi ja, hamma sai ta zo ta koma, ba abin da ke biyo ta. Aljani yana kan reshe yana dariya, don ya san irin wannan adadi ba ya kasuwa. Kakansa ya gwada, ubansa ya gwada, duk sun tsufa a kai.

Ta jingina da bishiya, ko kuka ta kasa. Sai ga tururuwa sun jero za su gida. Tabawa ta tambayi uwarsu ko su nawa ne. Uwar ta ce sun fi ƙarfin ƙirga, kuma duk da yunwa suka kwana. Tabawa ta ce to su zo, amma kowace ta ɗauki ƙwaya ɗaya, kada wadda ta ƙara.

Suka zo. Wannan ɗaya, waccan ɗaya, har ƙasa ta yi fes.

Aljani ya diro ya ce ina riɗinsa.

Ta ce, "Na kasa shi. Kashi dubu goma da bakwai, kowane kashi ƙwaya ɗaya. In kana shakka, bi su rami ka ƙirga."

Ya duba hagu, ya duba dama, ba saura. Dole ya cire murfin gora. Tabawa ko gida ba ta nema ba, nan gindin bishiyar ta ɓingire, tana minshari a gaban mai riɗi.

Wanda ya ɗora wa wani aiki don mugunta, da kayansa zai biya.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya shige rami. Ku tashi haka nan, ni ma nawa goran a buɗe yake.