Gurbin Suna Ɗaya a Rahoton Zoborodo

Ku matso ku ji, kuma kada wanda ya tashi sai ya faɗi ra'ayinsa. Shekara talatin na yi ina riƙe da sikeli a kamfanin zoborodo na marigayi Alhaji Ɗanjummai, saboda haka abin da zan faɗa muku a kan idona aka yi. Ya rasu ya bar 'ya'ya uku, Nafi'u da Tasalla da autarsu Mansura. Mahaifiyarsu, Hajiya Zilai, ta kulle ofishinsa ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ta ce sai ta ga wanda ya isa.

Bara muka loda buhu dubu uku da ɗari biyu zuwa ƙasar waje. Kaya suna tashar jirgin ruwa sai masu saye suka aiko cewa sun sami maganin ƙwari a buhu guda. Suka ba mu kwana huɗu mu kawo rahoto, kowane buhu da shafinsa: gonar da ya fito, ranar da aka auna shi, da ɗakin ajiyar da ya kwana. In ba haka ba su mayar mana da kayan, kuma sun daina saye a wurinmu har abada. Mata ɗari biyu da ke tsince mana zoborodo suka zauna jugum a tsakar kamfani. Ni kaina ranar ban iya cin abinci ba.

Nafi'u shi ne babba, mutum mai naci kamar ƙuda. Shekara shida ke nan ba ya barin buhu ya sauka daga sikelina sai ya liƙa masa lamba ya shigar da shi kwamfuta. Mun sha yi masa dariya, ni ne ma kan gaba, don ya sha tsayar da ni rana tsaka saboda lamba ɗaya ta goge. Ranar nan ya buɗe manhajar kamfani, sai ga kowane buhu da sunan wanda ya kawo shi, babu ko ɗaya da ya ɓace. Na je na ba shi haƙuri a gaban mutane.

To amma bayani a jibge ba rahoto ba ne. Muka lissafa, in da hannu za a rubuta shafi dubu uku da ɗoriya, sai an yi wata biyu. Nan Mansura ta ja kujera. Ita ce wadda 'yan'uwanta ke cewa ta yi karatun danne-danne. Ta tsara shafi guda tak, samfuri, yadda masu sayen suke so, ta bar gurabe a ciki: nan sunan manomi, nan ƙauye, nan rana. Kamar mazubin bulo ne, a ƙera sau ɗaya a yi ta bugawa. Ta haɗa shi da bayanan Nafi'u ta danna, kafin in gama alwalar azahar shafuka sun fito reras. Mata suka rangaɗa guɗa.

Tasalla ba ta yi guɗa ba. Ita ce mai yawon ƙauyuka sayen kaya, ba ta san kan kwamfuta ba, kuma ba ta damu ta sani ba. Tana duba shafukan sai ta tsaya a kan buhun da ya jawo rigimar, ta ga sunan manomin da ke kansa ya fito a buhuna da yawa, ta ce, “Baba mai sikeli, yaushe Malam Gambo ya noma buhu casa'in? Gonarsa ko tara ba ta yi.” Ashe a ƙauyen su Gambo shi kaɗai ke da amalanke. Kowane gida sai ya ba shi kaya ya kawo, mu kuwa mu rubuta sunan wanda muka gani a gaban sikeli. Da rahoton ya tafi haka, da an ɗora wa bawan Allah laifin da ba nasa ba, kuma da masu saye sun aiko a auna gonarsa sun ce mu maƙaryata ne.

Ta hau babur a cikin rana ta tafi. Ta san kowane gida a garin da irin tsumman da yake ɗaure bakin buhunsa, wani ja, wani shuɗi, wani ƙyallen atamfa, kuma tana da hotunan kayan a wayarta, kowane buhu da lambarsa. Kwana biyu tana bin gida-gida har ta raba buhu casa'in ga masu su. Ta gano gidan da suka ajiye buhu huɗu kusa da wake mai magani. Nafi'u ya gyara bayanai, Mansura ta ƙara gurbin “mai kaya” kusa da na “mai kawowa”, ta sake dannawa. Aka aika rahoton, aka ware buhu huɗun nan, sauran suka wuce, mata suka koma bakin farantansu. Wallahi da Alhaji yana raye da ya yi kuka don daɗi, ni dai na yi.

Sai dai a shafin ƙarshe akwai gurbin wanda ya haɗa rahoto, wanda muka bari ba mu cike ba, kuma masu saye sun ce suna ɗaya suke so, wanda za su riƙa nema daga yau. Hajiya Zilai ta kwance makullin nan ta ajiye a kan tebur, ta ce sunan da ya shiga gurbin shi ne mai ofis. Ta dube ni ta ce, “Malam, kai ka ga tashinsu, kai za ka faɗa.” Duk ukun kuwa a kan sikelina suka yi wasa suna yara.

Ɗaya ya tara, ɗaya ta zuba a mazubi, ɗaya ta hana a aika ƙarya. To, jama'a, sunan wa za a rubuta a gurbin nan?