Ƙosan da Gizo Ya Rataye a Kan Gawo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta.

Zaki ne ya kafa doka a gasar ƙwallon kwando ta daji: kowace ƙungiya masaki ɗaya na tuwo za ta riƙa biyan 'yan wasanta, ba ƙari. Ya sa Kunkuru sa ido.

To, a ƙungiyar Gizo, tsohuwar gwana Kura ce ke lashe masakin, alhali ko tsalle ta daina iyawa. Ɗan Raƙumin Dawa, mai zuba musu ƙwallo, sai ƙanzo.

Yaron ya ce, "Baba Gizo, yunwa za ta kore ni."

Gizo ya ce, "Yi shiru, ɗana. Na rataye maka ƙosai a ƙololuwar gawo. Kunkuru sai ya shekara bai ɗaga kai ba."

Yaron ya miƙa wuya yana ci, sai ya hango ƙungiyar Zomo can hayin rafi, ana raba tuwo daidai wa daida.

"Baba, su wa ke can?"

"Kalli ƙosanka!"

Ina! Taku uku ya haye rafin, ya koma ƙungiyar Zomo.

Ranar wasa Gizo ya ce, "Kura, yi tsalle!"

Ta ce, "Sai na ci."

Ƙurunƙus kan ɓera! In ƙarya ce, ku tambayi Gizo.