Ina Zafi, In Ji Waziri

A zamanin da, a wata ƙasa da masu ba da labari suka manta sunanta, an yi wani Sarki da tsufa ya cinye masa ido, zazzaɓi kuma ya zaunar da shi can cikin soro, bayan labule. Abin da Waziri ya gaya masa, shi ne duniya.

Al'adar ƙasar ita ce, in bazara ta kama, sai a rufe kurmin Sarki don itatuwa su yi toho. Wanda ya sari ko da reshe, a bakin hannunsa. A wannan shekara Waziri Tankari ya duba taurari, ya zo ya faɗi gaban labule, ya yi magana ta hanci, don haka Allah ya yi shi, kullum kamar mai mura: "Allah ya ba ka nasara, bazara ta shigo. In sanyi ya sake leƙo ƙasar nan bana, a kwance mini rawani a bainar jama'a." Aka yi shela. Mutane suka kware jinkar ɗakunansu don su sabunta kafin damina.

Sai sanyi ya dawo, ba irin wanda aka sani ba. Man shanu ya daskare da tsakar rana, ruwan randa ya yi ɓawo, ƙadangaru suka riƙa faɗowa daga katanga kamar busasshen ganye. Tsofaffi suka ce ko kakanninsu ba su ba da labarin irinsa ba, sa'an nan suka bi kakannin ɗaya bayan ɗaya. Jarirai suka bi bayansu.

Da koke-koke suka kai kunnen Sarki, ya tambayi dalili. Waziri ya shafa rawaninsa, ya ce a kawo talakawa su faɗa da bakinsu. Aka jera su gaban labule, ya riƙa binsu: "Malam, ina zafi?"

Kun dai san bakin Bahaushe. Ko a rijiya ka same shi, ka ce ina gajiya, zai ce ba gajiya. Kowa sai ya amsa, "Lo-lo-lokacinsa ne, ranka ya daɗe."

Sarki ya ce, "Me ya sa muryarsu ke rawa?"

Waziri ya ce, "Kwarjininka ne, Zaki."

Kurmi ya ci gaba da zama a rufe.

A ƙofar arewa akwai wani manomi, Nomau, matarsa Hakama tana jego. Mai jego kuwa sai da ruwan zafi, jariri sai da ɗumi. Suka ƙona tsohuwar jinka, suka ƙona ƙyaure, suka faskara turmi. Da ba abin da ya rage, Nomau ya ɗauki gatari ya shiga kurmi. Dogarai suka kama shi da damin itace a ka. Kafin rana ta faɗi, jaririn ya koma.

Ranar da aka kawo Nomau fada za a yanke masa hannu, Hakama ta ratso taro ta durƙusa. Ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ban zo roƙo ba. Kullum Waziri ke gaishe da talakawa, ba wanda ya taɓa gaishe shi. Kada a ce ba mu da tarbiyya."

Waziri ya gyara zama, ya kumbura kamar zakara, ya ce, "To, yarinya, gaida ni."

"Barka da hantsi, Waziri."

"Barka kadai."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina iyali?"

"Lafiya lau."

"Ina hidimar jama'a?"

"Da godiya."

"Ina sanyi?"

"Lokacinsa ne."

Can daga bayan labule Sarki ya ce, "Tankari, lokacin wa?"

"Su-suɓutar baki ce, Zaki. Gaisuwa ce kawai, baki ya saba."

"Ashe baki na sabawa. To, da gaisuwar ka riƙa kawo mini shaida. Matso."

Sarki ya zuro hannu ya laluba jikin Waziri: alkyabba, ƙarƙashinta riga, ƙarƙashinta wata rigar, can ciki har da bargo naɗe a ƙirji. Ya sake shi, ya ce, "A miƙo mini hannun da za a yanke." Nomau ya miƙa. Sarki ya riƙe, ya ji shi kamar dutsen da aka tsamo daga ƙasan rijiya. Sa'an nan ya ce, "Sanyi ya riga ni hukunta hannun nan. Ku sake shi."

Nan take ya sa aka buɗe kurmi, kowa ya sara gwargwadon bukatarsa. Aka kwance rawanin Waziri a bainar jama'a, kamar yadda ya nema da bakinsa, aka yayyanka shi likkafanin jariran da ba a riga an binne ba, kuma bai isa ba. Shi kuwa aka ɗora masa dakon itace gida-gida, kai ba hula, har ranar da zafi zai dawo.

Nomau ya iso ƙofar gida da hannayensa biyu da dami a ka. Zai sauke, Hakama ta tsayar da shi.

Ta ce, "Kada ka shiga da shi. Kai wa Delu maƙwabciyarmu. Nata jaririn yana numfashi."