Mai Gadin Lambun Kunkuru

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Kunkuru ne ya yi lambun albasa, kyanwoyin unguwa suka mayar da shi makewayi, kullum sai sun tone masa iri. Ya shiga neman mai gadi.

Kare ya zo ya zagaya, ya ce, "Baba Kunkuru, shingen nan ya yi gajarta."

Kunkuru ya ce, "Gadi ka zo nema ko koya mini aiki? Kama hanya."

Sai ya juya ga Ƙadangare da ke shan hantsi. "Malam, shingena ya yi, ko?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai kamar yadda ya saba yi wa kowa. Nan take ya samu aiki.

Washegari uwar kyanwoyi ta iso da 'ya'yanta bakwai. Ta ce, "Sannu da aiki, mai gadi. Mu shiga?"

Ya gyaɗa kai.

Kwana uku, ko ganye ɗaya bai tsira ba. Kunkuru ya daɗe yana kallon ramuka, sannan ya ce, "Ƙasar ce ba ta karɓar albasa, ko?"

Ƙadangare ya gyaɗa kai.

"Ni ma haka na gani. Baɗi ma kai ne mai gadina."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda ke ganin ƙarya na yi, ya je ya tambayi Ƙadangare.