Randar da Mushe Ya Yi wa Fenti

Akwai wani mutum a Magama, nan bakin iyakar Jibiya, ana ce masa Abdulbaƙi. Aikinsa takardun manyan motoci: ya karɓa a hannun direba, ya shiga wannan ofis ya fito wancan, a ba shi na goro. Direbobin Maraɗi suna kiransa Mushe Abdulbaƙi, wato yallaɓai a bakinsu na can. Sunan ya yi masa daɗi har ya sa aka rubuta a bayan babur ɗinsa. Mu na wannan ɓangaren mun san abin da ake kira mushe, amma tunda mai sunan yana murna, sai muka taya shi.

Mushe ba ya cewa wutar lantarki, sai kuran, kamar baƙinsa. Ƙwan fitila tara ne a tsakar gidansa, suna ci da rana tsaka. An ce zakaran gidan sai da ya daina cara, don ya rasa gane asuba. Da an ɗauke wuta janareto ya kama ruri. Firjinsa mai ƙofa biyu kuwa a zaure ya girke shi, don duk wanda ya yi sallama su gaisa.

Abu ɗaya ne mai muhimmanci a cikin firjin nan: kwalaben allurar ciwon suga na mahaifiyarsa, Inna Maimuna. A asibiti an ja masa kunne cewa in zafi ya dafa maganin ya zama ruwan banza, kuma tsohuwa ba ta kwana biyu lafiya in babu shi.

Katanga ɗaya ta raba shi da Zaituna, wata dattijuwa 'yar Gangara mai sayar da zoɓo. Ƙwanta ɗaya, shi ma sai magariba take kunnawa. Katin wuta guda yana kai ta wata biyu. Firjinta randa ce cikin randa, da yashi a tsakani. Safe da yamma ta jiƙa yashin, ta rufe baki da jiƙaƙƙen buhu, ta bar ta ƙarƙashin darbejiya inda iska ke ratsawa.

Mushe ba ya wuce ƙofarta bai yar da magana ba.

"Gwaggo Zaituna, duniya ta kai wata, ke kina nan kina shayar da yashi ruwa? In kawo miki ƙanƙara ki ga yadda take?"

"Allah ya ƙara kuran, Mushe," take cewa, ta ci gaba da tace zoɓonta.

Sai aka rufe iyaka. Motoci suka tsaya, na goro ya tsaya, fetur kuwa bai tsaya ba, sama ya yi ta yi. Ƙwai tara suka koma huɗu, huɗu suka koma ɗaya. Zakara ya dawo da cara. Ana shiga bazara taransifomar unguwar ta ƙone, janareto ya buɗe baki yana jiran man da babu. Firji mai ƙofa biyu ya koma tanda.

Inna Maimuna ta ce, "Abdu, ka kai mini maganina wajen Zaituna."

"Ni? In shiga gidan mai zoɓo da roƙo? Inna, randa ce fa. Mi ke cikin randa da zai gagare ni?"

Ya taka turmi ya leƙa ta katanga, ya ƙare wa randar Zaituna kallo kamar mai satar amsa. Ya tafi kasuwa ya sayo randa biyu, ya lulluɓe su da zani don kada 'yan majalisa su gani. Ya zuba yashi, ya jiƙa, ya jera kwalabe a ciki. Har nan dai ya ci jarrabawa.

Kafin la'asar randa ta fara zufa. Jikinta ya jiƙe, danshi ya sauka kan tayil ɗin zaure. Mushe ya yatsine fuska.

"Ka ji aikin ƙauye! Sabuwar randa tana yoyo. Sun cuce ni."

Ya ɗauko ragowar fentin mai da aka yi wa ƙofar gida, fari sol, ya shafe babbar randar ciki da waje har hawa biyu. Ta bushe tana ƙyalli. Ya mai da yashi da kwalabe, ya jingina ta da firji don su dace, ya rufe tagar zaure saboda ƙura. Ya ja da baya yana kallon aikinsa. Zufa ta tsaya cak.

Washegari da hantsi Inna Maimuna ta dogara sanda ta zo ɗaukar allura. Ta tura hannu, ta zaro da sauri.

"Abdu! Ruwan wanka ka dafa mini?"

"Sai ta saba, Inna. Sabuwa ce."

"Kafin ta saba ni na tafi. Ko ka ɗauki maganin nan yanzu ka kai gidan Zaituna, ko in ɗauka da kaina in bi ta gaban majalisa ina faɗa musu dalili."

Ya san Inna za ta aikata. Ya ƙunshe kwalabe a hularsa, ya yi sallama a ƙofar da bai taɓa yi wa sallama ba. Zaituna ta karɓa ta shirya su a randarta ta ja buhu ta rufe. Da ya faɗa mata abin da ya faru, ta ce a je ta ga tasa randar.

Tana shiga zaure ta tsaya, ta riƙe haɓa.

"La'ilaha! Wa ya yi wa randa kwalliyar amare?"

"Yoyo take yi, na gyara ta."

"Ba yoyo ba ne, ɗan nan, zufa ce. Zufar da iska ke busarwa ita ce sanyin. Ka toshe mata jiki, ka rufe mata taga, mi kake so ta yi? Ko kai aka yi wa haka ai sai ka dahu."

Mushe ya dubi ƙasa. "To maganin Inna fa, Gwaggo?"

"Bai kai ga lalacewa ba, ka yi sa'ar uwa mai hannu. Ya zauna wajena. Amma ƙuguna ba ya son ɗaukar ruwa. Safe da yamma kai za ka riƙa zuwa kana shayar da yashi."

Haka aka yi. Sati uku unguwa babu wuta, allurar Inna Maimuna ba ta fashi ko sau ɗaya ba. Sati uku 'yan majalisa suna kallon Mushe da buta, ana ce masa, "A gaida yashi!"

Ranar da aka dawo da wuta ya zo karɓar kwalabe. Inna ta aiko cewa a bar su inda suke, ita ta fi yarda da abin da ba a ɗaukewa. Mushe ya tsaya yana sosa ƙeya.

"To ni firjin nan da ke cinye mini kati, mi zan sa a ciki?"

Zaituna ta ɗaga kai daga kan zoɓo. "Kada ka sayar, ɗana. Zafin garin nan, in akwai abin da ke buƙatar firji ai mushe ne."

A satin ya kankare rubutun bayan babur.

Darasi: Mai kashe ƙwai da rana da mai jiƙa yashi ba ƙauyanci suke yi ba, aljihunsu suke tsarewa. Kada ka raina dabarar maƙwabcinka don ba ta da wayar wuta, kuma in za ka kwaikaya, ka sauke kai ka tambaya kafin ka ɗauko fenti. Ku tura wa duk wanda fitilar ƙofar gidansa ke ci har azahar, ya san da shi ake.