Manomin da Yake Ba da Ɗa a Farkon Wasa

A wani ƙauye akwai wani manomi mai son darar Turawa, wadda ake bugawa a waya da mutanen da ba a taɓa ganin fuskarsu ba. In ya taso daga gona sai ya zauna a gindin mangwaro, ya yi ta bugawa har tuwonsa ya huce.

Yana da wata dabara da yake ji da ita. Da an fara wasa sai ya tura ɗan dara guda gaba, ya bari a cinye shi da gangan, don hanya ta buɗe ya afka wa sarkin abokin wasa tun bai shirya ba. In ya gamu da ɗan koyo, kafin ka ce kwabo ya gama da shi. In kuwa gwani ne, sai a karɓe ɗan, a tare hanya, a bi sauran ɗai-ɗai. Amma ko a jikinsa. Yakan danna sabon wasa, 'ya'yan su dawo layi, ko ƙwarzane babu.

Mutumin nan yana da ɗa guda, saurayi mai suna Yunana. Wata rana Yunana ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in je birni in koyi kafinta."

Uban ya so ya gama gardamar da sauri, yadda ya saba gama wasa. A ransa ya ce, bari in sake shi, yunwa za ta koro shi cikin mako guda. Sai ya ce, "Tafi. Amma in ka ƙetare ƙofar nan, kada ka ƙara ce mini Baba."

Bai nufi haka ba, Allah ya sani. Yunana kuwa ya ɗauka da gaske.

Mako ya wuce. Damina uku ta wuce. Manomin ya bi tasha-tasha yana tambaya, ba wanda ya ga yaron. Ya rame, gona ta yi ciyawa.

Ran nan yana zaune a gindin mangwaron, ya danna sabon wasa don ya rage tunani. Matarsa Rifkatu ta leƙo ta kafaɗarsa, ta ga 'ya'yan dara sun jeru cif. Ta ce, "Baban Yunana, naka sun dawo duka. Nawa fa?"

Sai ya kife wayar a ƙasa, ya rufe fuska, ya yi kuka mai zafi.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ba a ɓoye take ba. Darar ba ita ce laifin ba. Laifin shi ne zuciyar da ta saba ba da ɗa don ta ci da sauri. Mu ma mukan yi haka: mu jefa wa ɗa, ko mata, ko ɗan'uwa a ikkilisiya baƙar magana, muna cewa ai zai huce ya dawo. Wani yakan dawo. Wani ba ya dawowa. Mutanen da Ubangiji ya danƙa mana amana ne, ba 'ya'yan dara ba ne, zai kuma tambaye mu kowannensu da sunansa. In akwai wanda ka tura gaba don ka ci gardama, tashi ka neme shi yau, tun yana jin kiranka. A gida ba a danna sabon wasa.